Injiniya Kallamu da Sabar Alhaji Baffa

A bakin tashar motocin Indabawa da ke Mile 3 a Fatakwal, akwai wani mutum mai suna Kallamu da ke zama ƙarƙashin wata tsohuwar lema, gabansa akwatin gilashi cike da caja da murfin waya. Sana'arsa ta gaskiya ita ce manna gilashin kariya a fuskar waya, da tura wa direbobi waƙa da wa'azi a memori. Amma shi bai yarda a kira shi da sunansa tsurarsa ba, sai an ɗora masa Injiniya a gaba. Wanda duk ya zauna a bencinsa don fake wa ruwan sama, kafin ruwan ya ɗauke sai ya ji yadda Turawan kamfanin mai suka taɓa aiko jirgi mai saukar ungulu ya ɗauki Kallamu, shi kuma ya ƙi zuwa saboda ranar yana fama da mura.

"Kwamfuta jaka ce," in ji shi kullum. "In ta ga ubangidanta, da kanta take sunkuyar da kai."

Mai tashar, Alhaji Baffa Indabawa, dattijo ne Bakano wanda gemunsa ya yi fari a Fatakwal. Yana da dogayen motocin bas masu zuwa Arewa, da reshe a Anacha da wani a Inugu. Duk fasinjan da ya kama kujera a ɗaya daga cikin tashoshin nan uku, sunansa da lambar kujerarsa suna shiga wata babbar kwamfuta da ke ƙuryar ofishin Fatakwal, wadda ake kira saba. Mai kula da ita wani mutumin Kagoro ne, Japhet, wanda ba ya son yawan magana.

Wata rana a majalisa wani aboki ya ce wa Alhaji, ai a zamanin nan wanda ya riƙe kalmar sirrin saba shi ne mai kamfani, mai motoci suna kawai ya tara. Maganar ta tsaya wa Alhaji a wuya. Da Japhet ya zo sallama zai tafi gida bikin aurensa, sai Alhaji ya sa shi ya buɗe wurin canza kalmar sirrin shugaba, wadda take sama da ta kowa, ya ce masa ya juya ya kalli bango. Alhaji ya zauna, ya sa yatsa ɗaya ya danna abin da ya danna. Bai rubuta ta a ko'ina ba, don a cewarsa abin da aka rubuta ɓarawo na iya karantawa. Japhet ya kama hanya zuwa ƙauyensu da ke bayan duwatsu, inda waya ba ta shiga.

Babbar Sallah ta matso, tasha ta cika da masu son tafiya gida. Ana cikin haka aka yi ruwa da iska irin na Fatakwal, aka ɗauke wuta, janareto ya yi gardama, saba ta mutu. Da wuta ta dawo ta tashi lafiya, sunayen waɗanda suka riga suka kama kujera suna nan a allon masu sayar da tikiti, amma ta ƙi yarda a sayar da sabon tikiti ko ɗaya sai shugaba ya shiga da kalmarsa.

Alhaji ya zo da babbar riga, ya zauna gaban saba, ya ɗaga yatsa. Yatsan ya tsaya a sama. Ya sauke shi, ya shafa gemu, ya sake ɗagawa. Kan nan nasa fayau, kamar ƙwaryar da aka wanke aka kife.

Irene, mai sayar da tikiti, 'yar Kafanchan ce da ta daɗe a kamfanin. Ta ce, "Baba, kada mu tsananta. Na kira yayata a Kafanchan, za ta tura ɗan okada ƙauyen su Japhet. Kafin ya kira mu, mu yi ta loda waɗanda sunansu ke ciki."

"Sauran fa? Kina ganinsu suna tsallakawa tashar maƙwabta ina zaune?"

Labari ya riga ya kai ƙarƙashin lema. Kallamu ya ji, zuciyarsa ta buga ganga. Nan take ya hango kansa a kujerar Japhet mai juyawa, iskar na'urar sanyi na kaɗa shi, kati rataye a wuyansa, direbobi na cire takalmi kafin su shigo gaishe shi. Ya ɗauki tsohuwar kwamfutarsa ta cinya wadda aka ɗaure murfinta da roba, ya sa tabarau marar magani, ya doshi ofis.

"Ranka ya daɗe, an ce jakarka ta yi tutsu."

"Ka iya?"

Kallamu ya yi dariyar tausayi. "Alhaji, in ina wuri ana neman Japhet, kamar a bar kogi ne a je tona rijiya. Kafin shayinka ya huce an gama."

Irene ta ce, "Malam Kallamu, wannan ba waya ba ce."

"Sista, waya ai 'yar saba ce. Wanda ya yi wa 'ya magani ba zai rasa na uwa ba."

Alhaji ya tashi ya ba shi kujera. Fasinjoji da 'yan kamasho suka taru a taga suna leƙe. A gabansu duka akwai Hajiya Safiyatu, mai fataucin manja zuwa Kano, wadda ta shekara da shekaru tana hawa motocin Alhaji, kuma babu wanda ya taɓa ƙure ta a magana.

Kallamu ya lanƙwasa yatsunsa suka yi ƙara. Ya ce ilimi ya tabbatar mutum ba ya sa kalmar sirri sai da abin da ke kusa da zuciyarsa.

"Alhaji, sunan ɗanka na fari."

Alhaji ya haɗe rai. "Ka taɓa jin na ambace shi?"

"To, sunan mahaifiya."

"Kallamu, gyara ka zo yi ko zagi?"

Aka koma kan lambar motarsa ta farko, da sunan unguwarsu, da sunan malaminsa na allo. Saba ta yi ta girgiza allo tana cewa ba haka ba. Kallamu ya matso kusa, ya rage murya, amma duk da haka na bakin taga suna ji.

"Ranka ya daɗe, tsakaninmu maza. Babu wata da ka taɓa nema a zamanin samartaka, abin bai yiwu ba?"

Kafin Alhaji ya buɗe baki, Hajiya Safiyatu ta amsa daga taga. "Sa Ramlatu. 'Yar mai goron nan ta Anacha. Har takalmi ya taɓa bari a ƙofar gidansu da ubanta ya biyo shi."

Tasha ta kwashe da dariya. Alhaji ya ce ƙarya ne, amma bai hana a gwada ba, har ma ya ɗan miƙa wuya yana kallon allo. Aka sa Ramlatu. Saba ta ƙi Ramlatu kamar yadda Ramlatu ta ƙi Alhaji, sannan ta rubuta cewa an yi kuskure da yawa, ta kulle ƙofar gaba ɗaya sai an jima.

"Me ta ce?" in ji Alhaji.

"Ta tsorata," in ji Kallamu. "Wannan shi muke kira suma. Yanzu sai tiyata."

Irene ta miƙe da sauri. "Tsaya in kwafe sunayen fasinjojin yau a takarda tukuna."

Ba ta kai ga ɗaukar biro ba, Kallamu ya riga ya sunkuya bayan tebur ya tattaro wayoyin wuta da na sadarwa duka a hannu ɗaya, kamar mai cire ciyawa, ya fizge. Allon Irene ya yi baƙi. Fanka ta tsaya. Firjin da Alhaji ke ajiye maganinsa na sukari ya yi shiru.

Wayar Alhaji ta yi ƙara. Awwalu ne, manajan reshen Anacha. "Alhaji, lafiya? Muna cikin loda mota sunaye suka ɓace. Mutane sun tsaya a ƙofa da kaya a ka."

"Ana gyara."

Bai ajiye ba sai ga Nicodemus na reshen Inugu. "Baba, wa ya taɓa saba? Japhet ya dawo ne?"

"Injiniya muka samu."

"Wane injiniya?"

Alhaji ya kashe wayar.

Kallamu bai zo da sukuddireba ba, don haka aka aro wuƙa wurin mai yankan lemo. Ya kwance murfin saba, ya hura ciki, ƙura ta tashi ta cika masa tabarau, ya yi atishawa a kan kayan cikin. Ya lalubo wani ɗan batiri mai kama da kwabo, ya ɓanɓaro shi, ya ɗaga sama don kowa ya gani.

"Ga inda take ɓoye sirrin. In an cire wannan, ta manta har sunanta."

Ya lasa batirin don ya ji ko da sauran rai, ya goge a rigarsa, ya mayar. Aka jona wayoyi, wasu a gurbinsu, wasu inda suka samu shiga. Saba ta yi nishi ta tashi. Agogonta ya koma wata shekara can baya, tun Alhaji na da baƙin gemu. A tsakiyar allo kuwa ga ɗan akwatin nan yana jira a sa kalmar sirri, ko gezau.

Hajiya Safiyatu ta ce, "Ɗan nan, ta manta sunanta ɗin?"

"Hajiya, na mayar da ita zamanin da ba a haifi kalmar ba. Taurin kai ne ya sa ta riƙo ta."

"Ai na ga alama. Ku biyu ne masu taurin kan, amma ita ta fi ka karatu."

Gumi ya fara tsattsafo wa Kallamu. Ya ce yana buƙatar tuntuɓar abokan aikinsa na ƙasar waje, ya juya baya, ya buɗe bidiyo a wayarsa. Wani mutum ne ke bayani da wani harshe da Kallamu bai taɓa ji ba, hannunsa kawai ake gani yana danne-danne. Kallamu na gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne, haka ne," har datarsa ta ƙare bidiyon bai kai rabi ba. Abin da ya tsinta shi ne, ana zuba wata manhaja a cikin ma'aji marar komai, a jona wa saba, a tashe ta da shi.

Yana da filashi a aljihu, amma cike yake da waƙoƙin da yake sayar wa direbobi, ba zai taɓa jarinsa ba. Ya leƙa bayan saba, sai ya ga wani ɗan baƙin akwati kamar sabulun wanka, maƙale da ita ta wata gajeriyar waya, fitilarsa na ƙyaftawa.

"Alhaji, ka ga wannan? Kaska ce. Jinin saba take sha. Irin abin da yaran nan ke maƙalawa ke nan don a ce suna aiki."

"Cire ta," in ji Alhaji, wanda dama zargin da yake wa Japhet bai kwanta ba.

Irene ta ce, "Baba, Japhet ba ya ajiye abu a banza."

"Ke dai kin fi son a zauna ana kallon juna."

Kallamu ya jona akwatin a kwamfutarsa. Ta tambaye shi ko ya tabbata zai goge abin da ke ciki. Ya ce ya tabbata. Ya sa Irene ta ba shi data daga wayarta, ya sauko da wata manhaja da ya ga hotonta ya yi kama da na cikin bidiyo, ya zuba a akwatin. Abin ya ɗauki lokaci har aka yi azahar aka dawo. Motar da ya kamata ta tashi da hantsi tana tsaye, ragunan da fasinjoji suka ɗaure a gindinta suna kuka, mata na yi wa yara fifita da kwali.

Ya mayar da akwatin jikin saba, ya tashe ta. Wannan karon allo ya canza launi, rubutu ya fito, tambaya na bin tambaya. Kallamu ya washe baki. Duk abin da ta tambaya sai ya danna na'am. Irene na tsaye bayansa tana karantawa, sai ta riƙe masa hannu.

"Malam Kallamu, ka karanta kuwa? Cewa ta yi za ta share duk abin da ke cikinta."

"Sista, Turancin kwamfuta daban yake da na makaranta. Share ɗin nan na shara ne. Datti za ta kwashe. Ke in kin share ɗaki, gado kike fitarwa?"

'Yan kamasho suka ce wallahi Injiniya ya yi magana. Ya zare hannunsa ya danna.

Bayan la'asar saba ta gama abin da take yi. Ta tashi fes, ta yi wani ɗan kiɗa mai daɗi, ta nemi a ba ta sabuwar kalmar sirri. Kallamu ya sa kowa ya juya baya, ya zuba mata haruffa da lambobi son ransa, kamar mai watsa wa kaji tsaba. Ƙofa ta buɗe.

Ya miƙe tsaye, ya fita bakin ofis, ya ɗaga hannu biyu. "Jama'a, jaka ta durƙusa."

Tasha ta ɗauki sowa. Direbobi suka danna ham. Alhaji ya cire hularsa ta zanna ya kifa wa Kallamu a ka, ya ce dama ya san Japhet ruɗa shi kawai yake yi da dogon Turanci. Kallamu ya ce ba komai, yaro ne, in ya dawo zai riƙa koya masa a hankali.

Irene ce kaɗai ba ta fito ba. Tana zaune gaban saba tana dube-dube.

"Baba, zo ka gani."

"Fara kiran sunaye mana."

"Babu sunaye. Babu wurin tikiti. Babu motoci, babu Anacha, babu Inugu. Hoton wani tsauni ne kawai, da kwandon shara a gefe."

"Suna cikin kwandon," in ji Kallamu daga ƙofa. "Ai na ce shara ta yi."

Irene ta buɗe kwandon. Wayam.

Alhaji ya dafe tebur. Ana cikin haka wayar Irene ta yi ƙara. Japhet ne. Ɗan okada ya same shi a wurin biki, ya hau kan dutse da kwat ɗin angonci don ya samu waya ta shiga. Irene ta buɗe muryar wayar kowa na ji, ana jiyo kiɗa can nesa a bayansa.

"An ce Baba ya manta kalmarsa. Ƙaramin abu ne. Akwai wata ƙofa ta masu gyara, zan faɗa wa Irene abin da za ta danna, yanzu a sa sabuwa. Kada dai kowa ya taɓa komai."

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Kuna jina?"

Irene ta gaya masa abin da aka yi, tun daga Ramlatu har zuwa tsauni. Japhet ya saurara har ƙarshe. Can ya ja numfashi.

"To. Allah ya kiyaye gaba. Ba a rasa komai ba. Ku duba bayan saba, akwai ɗan baƙin akwati mai fitila. Kullum saba na zuba kwafin komai a cikinsa. Shi dai ku riƙe shi kamar ƙwai har in zo."

Idanu suka juya gaba ɗaya, ba kan akwatin ba, kan Kallamu.

"Kaskar yake nufi," in ji Hajiya Safiyatu, a hankali, don kada wani ya rasa fahimta.

Da aka yi wa Japhet bayanin kaska, bai yi faɗa ba. Ya ce kawai a ba shi sabuwar kalmar da aka sa, ko zai iya fara wani abu daga nesa. Alhaji ya dubi Kallamu. Kallamu ya dubi silin.

"Ranka ya daɗe, na yi mata ƙarfi ne sosai, yadda ko ni ba zan iya shiga ba. Tsaro ke nan."

Aka ji Japhet ya ce, "Irene, ki gaida Baba. Ana jirana a yanka kek." Ya kashe.

Kallamu ya ce bari ya je ya ɗauko wani kayan aiki a ƙarƙashin lema. 'Yan kamashon da suka yi masa tafi ɗazu su suka cike ƙofa, kafaɗa da kafaɗa. Alhaji ya miƙa hannu ya cire hularsa daga kan Kallamu, ya kakkaɓe ta sosai kafin ya mayar kansa.

A waje kuwa magana ta riga ta bazu cewa sunaye sun ɓace. Yawancin fasinjojin nan ta waya suka kama kujera, ba su da takarda a hannu. Nan da nan kowa ya tuna cewa kujerarsa ta gaba ce, kusa da taga. Har wanda ya shigo tasha sayen rake ya tuna ya kama kujera tun makon jiya. Wayar Alhaji na ta ruri, Awwalu na cewa an kewaye shi a Anacha, Nicodemus na cewa ya kulle kansa a banɗaki a Inugu.

Wani direba ya ce a kira 'yan sanda.

"Su zo su ci me a jikinsa?" in ji Alhaji. "Tabarau?"

Ya kalli Kallamu sama da ƙasa, sannan ya sa aka kawo kwali da igiya. Ya ce Irene ta rubuta SABA da manyan baƙaƙe. Aka rataya wa Kallamu a wuya, aka dasa masa kujerar roba a bakin ƙofar mota, cikin rana. Alhaji ya damƙa masa wayoyin kamfani biyu, ɗaya ta Anacha ɗaya ta Inugu, ya juya ga jama'a.

"Kun ji tsohuwar saba ta rasu. Ga sabuwa. Duk mai neman lambar kujerarsa, ya tambaye ta. Ba ta tashi daga nan sai motar ƙarshe ta Sallah ta fita."

Kati dai Kallamu ya samu a wuya, kamar yadda ya yi buri. Jama'a suka yi masa caa. Ana zaginsa da Hausa a gaba, da Ibo a kunnen dama, da broka a kunnen hagu. Wani rago ya kama gefen kwalin yana ci.

Hajiya Safiyatu ta ratsa taron ta tsaya gabansa. A gefenta wani ƙaton mahauci ya tsaya, hannu a ƙugu.

"Saba, kujera ta ɗaya tawa ce. Duba ka gaya masa."

"Tawa ce," in ji mahaucin. "Duba da kyau."

Kallamu ya dubi damtsen mahauci, ya dubi fuskar Hajiya. Ya rufe ido, ya sandare a kujera, ya ce da wata siririyar murya, "Babu netiwok. A sake gwadawa an jima."

Hajiya ta juya wajen ofis. "Alhaji, sabar nan taka ta tsaya."

Alhaji bai ko ɗago daga shayinsa ba. "Ɗan bubbuga ta, Hajiya. Wani lokaci sai an bubbuga suke tashi."

Hajiya Safiyatu ta miƙa wa mahaucin jakarta ya riƙe mata, ta sunkuya ta cire takalmi.